X na Biyu da Garkuwar Jikin Mace

Cikin kowane mutum goma masu fama da cutar lufus, kimanin tara mata ne. Lufus ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, ta kumbura gaɓoɓi, ta taɓa fata da ƙoda. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran homon, musamman istirojin, ganin cewa cutar ta fi tasowa a shekarun haihuwa. Homon na da hannu, babu musu. Sai dai akwai mutanen da wannan bayani bai ishe su ba: maza masu larurar Klinefelter, waɗanda aka haifa da kuromosom X biyu da Y ɗaya. Jikinsu na maza ne, amma wani bincike na 2008 ya nuna haɗarin lufus a wurinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14. Abin da ya haɗa su da mata shi ne yawan X.

Kuromosom X na ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 800, cikinsu da masu jan ragamar garkuwa irin su FOXP3 da CD40L da TLR7. A 1961 Mary Lyon, masaniya 'yar Ingila, ta bayyana cewa kowane tantani a jikin mace yakan rufe bakin X ɗaya tun tana ciki, don kada aikin ya ninku. Daga baya aka gane rufewar ba ta cika ba. Aƙalla kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin gadon suna zillewa su ci gaba da aiki.

A nan TLR7 ya cancanci a tsaya a kansa. Aikinsa gadi ne: yana sansano sinadarin RNA na ƙwayoyin bairos, ya tayar da intaferon, wanda ke shelar yaƙi a jiki. A 2018 masu bincike a Toulouse ta Faransa suka tabbatar cewa yana cikin masu zillewa, har wasu tantanin garkuwa na mata da na maza masu XXY suna aiki da kwafi biyu. Maigadi biyu sun fi ɗaya saurin jin motsin ɓarawo, kuma sun fi saurin kai wa ɗan gida sara. A 2022 aka samu wata yarinya a Sifaniya mai lufus mai tsanani tun tana shekara 7, sanadin wani sauyi da ya ƙara wa TLR7 kaifi. Da aka sanya sauyin a jikin ɓeraye, su ma suka kamu. Akasin haka ya bayyana a Nijmegen ta Holan a 2020, inda samari huɗu, 'yan'uwa biyu-biyu daga gidaje biyu, suka kwanta rai a hannun Allah da korona, ɗaya ya rasu. TLR7 ɗinsu ya lalace, kuma namiji ba shi da X na biyu da zai rufa masa asiri.

Sabon zance shi ne na XIST, dogon zaren RNA da ke lulluɓe X ɗin da za a rufe. A 2024 tawagar Howard Chang ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa sunadaran da ke manne da shi kan zama abin harin garkuwa, kuma ɓeraye maza da aka sa suna samar da shi sun nuna alamun lufus. Binciken ya burge ni, amma ina ganin an yi gaggawar yayata shi kamar an warware komai. Ɓerayen da suka kamu, irinsu dama mai saurin kamuwa ne, kuma sai da aka tsokane su da wani sinadari. Wani irin da aka gwada bai kamu ba. Kowace mace na da XIST a jikinta, amma mafi yawan mata har su tsufa ba sa sanin lufus.