Dayosis ɗin Katolika na Maiduguri: daga hannun 'yan Ayalan zuwa hannun 'yan ƙasa

Borno ƙasar Shehu ce, Musulunci ya yi ƙarnuka da kafuwa a cikinta, kuma Turawan mulkin mallaka ba su cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a masarautun Musulmi ba. Shi ya sa Katolika na farko a Maiduguri galibi baƙi ne: akawu, soja, ɗan kasuwa, waɗanda aiki ya kawo daga kudu. Limaman da suka zo kula da su kuwa 'yan ƙungiyar Agustin ne daga ƙasar Ayalan, waɗanda suka fara aiki a Adamawa a 1940, sannan suka yi ta matsowa arewa.

A 1953 Fadar Paparoma ta ware Maiduguri a matsayin yankin mishan mai zaman kansa. A 1962 aka ɗora Fada Timothy Cotter a kansa, kuma da aka ɗaga yankin ya zama cikakken dayosis a 1966, shi ne ya zama bishop na farko, da kujerarsa a babban cocin Waliyyi Patrick. Sai dai shekarar ta zo da tashin hankali. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya suka sa Inyamurai da dama, waɗanda su ne ke cika bencin coci, suka koma gida. Dole aikin ya ƙara karkata ga 'yan ƙasa, Margi da Kamwe da mutanen duwatsun Gwoza, a garuruwa irin su Shuwa da Bazza da Michika da Madagali.

A nan ne ya kamata mai rubuta tarihi ya dakata. Fada ɗaya ba zai iya zagaye ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa kowace Lahadi ba, balle da damina idan hanya ta yanke. Wanda ke nan kullum shi ne katikis. Magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya da gona kamar kowa. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke jagorantar addu'ar Lahadi da Hausa ko da yaren garin. Idan ciwo ya kwantar da wani dattijo, shi ke zama a gefensa ana jan rozari, shi ke hawa keke ya kira Fada ya zo da Jibin Ubangiji ya shafa wa majinyacin mai. Idan rai ya yi halinsa kafin Fada ya iso, shi ke binnewa. Zumuntar Mata ke kai abinci gidan makoki. A ganina, waɗannan ne suka gina dayosis ɗin, ko da yake sunayen bishop-bishop ne a jikin allunan bango.

Bishop Cotter ya rasu a 1988. Senan O'Donnell, shi ma ɗan Ayalan, ya gaje shi a 1993, kuma a 2003 aka naɗa ɗan Najeriya na farko, Matthew Ndagoso. A zamaninsa ne, a watan Fabrairun 2006, tarzomar zanen ɓatancin da aka yi a Denmak ta ɓarke a Maiduguri. Aka ƙona coci-coci da gidan bishop ɗin, aka kashe Fada Michael Gajere na cocin Waliyyiya Rita da ke Bulumkutu. A 2007 aka mayar da Ndagoso Kaduna a matsayin babban bishop.

Oliver Dashe Doeme ya karɓi ragama a 2009, shekarar da Boko Haram ta ɗauki makami. Dayosis ɗinsa ya haɗa Borno da Yobe da arewacin Adamawa, wato daidai inda wutar ta fi ci. A 2014 aka kai hari ƙaramar makarantar horar da limamai da ke Shuwa, sannan Gwoza da Madagali da Michika da Mubi suka faɗa hannun 'yan bindiga. Rahoton da dayosis ɗin ya fitar a 2015 ya ce an kashe mabiyansa sama da 5,000, an raba kusan 100,000 da gidajensu. Wasu suka tsallaka sansanin Minawao a Kamaru, wasu suka sauka a cocin Waliyyiya Teresa da ke Yola, inda Bishop Stephen Mamza, ɗan Bazza, ya karɓe su. Musulmin yankin ma sun sha wannan masifa, an kashe malamansu, an ƙona masallatansu. Daga baya mutane suka fara komawa, ana sake rufin coci-coci, aka buɗe cibiyar kula da waɗanda tashin hankalin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma a 2022 aka naɗa John Bakeni mataimakin bishop.

Litattafan baftisma da na aure da dama sun ƙone tare da coci-cocin da aka ajiye su. Dattawan da suka san katikis na farko a kowane ƙauye suna ta raguwa. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi wannan aiki, ya zauna da iyalin ya rubuta sunansa da garinsa da shekarun hidimarsa, ya kai wa Fadan cocinsu a ajiye.