Tarihin Gashi Bayan Tiyatar Sankarar Mama

Gashi shi ne auna haske mai ƙarfi a kan nono bayan tiyata, don a ƙone ƙwayoyin sankara da wuƙa ta tsallake. Ana yin sa ne musamman idan likita ya cire curin kaɗai ya bar nonon, domin ƙwayoyin kan laɓe a gefen yankan.

Tun daga rahoton William Halsted na 1894, abin da aka sani shi ne a cire nono gaba ɗaya, har da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Geoffrey Keynes ya gwada allurar radiyam a Landan cikin shekarun 1920, amma likitocin zamaninsa ba su bi shi ba. Sai a 1981 Umberto Veronesi na Milan ya nuna, a kan mata 701, cewa cire sashe tare da gashi bai rage tsawon rai ba. A Amurka kuma Bernard Fisher ya fara nasa gwajin a 1976. Bayan shekara 20, a cikin matan da aka cire wa curin kaɗai, ciwon ya dawo wa kashi 39 cikin 100 na waɗanda ba a gasa ba, kashi 14 kacal na waɗanda aka gasa. A 2011 masana a Oxford suka tattara gwaje-gwaje 17, mata 10,801: gashi ya rage dawowar ciwon cikin shekara 10 daga kashi 35 zuwa 19. Mace-mace ma sun ragu, ko da yake ba haka sosai ba.

Duk wannan lissafi ya dogara ne da samun na'ura a kusa. Misali, a Sudan an buɗe cibiyar gashi a Khartum a 1967, sannan cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta soma karɓar marasa lafiya a 1999. Ita ce mafi kusa ga matan garin Rufa'a da ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu. Sai dai tsohon tsari zama 25 ne cikin mako biyar, wato kuɗin mota, masauki, da 'yar'uwa mai jinya da za ta bar gona da yara. Ga kunya, ga yawon maganin gargajiya, har da yawa sukan iso curin ya riga ya girma, ba batun barin nono. Shi ya sa cirewa gaba ɗaya ta fi yawa a can, kuma likitan da ya zaɓi hakan inda ba tabbacin gashi bai yi laifi ba.

Gwaje-gwajen Birtaniya sun rage zaman zuwa 15, a 2020 kuma aka nuna zama 5 cikin mako guda ya wadatar wa mata da yawa. Matan karkara ne suka fi buƙatar wannan sauƙi, amma sai yaƙi ya ɓarke a Sudan. Daga Afrilun 2023 marasa lafiyan Khartum suka yi ta tururuwa zuwa Wad Madani, a Disamba ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, jinya ta tsaya. Sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025.