Sharar Gida Don Baƙo: Yamai da Tarukanta

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ake yi idan aka ce gobe baƙo zai sauka. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a fiddo sabuwar tabarma, tsofaffin kwanoni kuma a tura su ƙarƙashin gado. Yara ma a kan kora su gidan maƙwabta don kada su yi surutu. Birane su ma haka suke yi. Na ga wannan da idona a Yamai tsakanin 2016 da 2019, lokacin da ake shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka, ina ƙaramin ma'aikaci a wani gidan rediyo mai zaman kansa, ina yawo da na'urar ɗaukar murya a bayan kabu-kabu.

Amma bari in ɗan ja da baya, domin Yamai ta daɗe tana girma da baƙi.

A 1926 ne Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka maido shi nan bakin kogin Isa. Har aka samu 'yancin kai a 1960, mutanen garin ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba. Duk da haka Shugaba Diori Hamani ya gayyato ƙasashe masu amfani da Faransanci har sau biyu, a Fabrairun 1969 da Maris ɗin 1970. A zama na biyu, ranar 20 ga Maris 1970, ƙasashe 21 suka sa hannu kan kafa hukumar da daga baya ta zama ƙungiyar Farankofoni, shi ya sa har gobe ake bikin ƙungiyar a wannan rana. Baƙin da suka zo wancan taro ba su tarar da gada a kan kogi ba. Wanda zai ƙetara Haro Banda sai ya shiga jirgin fito, don sai a ƙarshen shekarar aka buɗe gadar Kennedy. Wani abin dariya shi ne, rigimar da ta fi zafi a zaman ba ta shafi Afirka ba: gwamnatin Kanada ce da yankinta na Kebek suke ja-in-ja kan wa zai zauna a wace kujera, Faransa na zuga ta bayan fage, Diori kuma na lallashi.

Karo na biyu da na so in tsaya a kansa shi ne 2005, domin wannan da wayona. Ina ɗan makarantar sakandare a Maraɗi lokacin. Nijar ta karɓi wasannin Farankofoni karo na 5, daga 7 zuwa 17 ga Disamba. An gyara filin wasa na Janar Seyni Kountché, an gina unguwa sukutum don saukar 'yan wasa, wadda har yau ake kira da sunan Farankofoni. To amma shekarar ce ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004. Majalisar Ɗinkin Duniya tana maganar mutane sama da miliyan 3 da ke cikin matsalar abinci, kuma a jiharmu ta Maraɗi abin ya fi muni. Na ga layin mata da yara goye a ƙofar cibiyoyin ciyarwa tun kafin rana ta fito. A watan Maris na shekarar an yi zanga-zanga da zaman gida a manyan garuruwa saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora kan kayan masarufi. Shugaba Tandja Mamadou kuwa ya tsaya kai da fata cewa ƙarancin abinci ne ake ciki, bai yarda a kira shi yunwa ba. An yi wasanni lafiya, baƙi suka yaba, suka koma gida. Tun daga nan na fara lura cewa ƙasa takan yi fuska biyu idan tana da baƙo.

Yanzu sai 2019.

Shugaba Issoufou Mahamadou ya hau mulki a 2011 da wani shiri da ya kira Niamey Nyala, wato ƙawata Yamai. A ƙarƙashinsa aka yi gadar sama ta Mali Bero, ta farko a ƙasar, a 2013, aka bi da wasu biyu. Da Nijar ta samu amincewar karɓar taron Tarayyar Afirka, sai aikin ya samu wa'adi. Aka kafa hukuma ta musamman don shirya taron, ƙarƙashin Mohamed Saidil Moctar. Matsalar a fili take: za a sauki mutane wajen dubu 4, cikinsu da shugabannin ƙasashe da tawagoginsu, a garin da babban otal ɗinsa, Gaweye, tun zamanin arzikin yuraniyom na mulkin Kountché aka gina shi.

Abin da aka yi cikin shekara biyu zuwa uku ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage masa daraja ba. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani kan kuɗi yuro miliyan 154, bisa sharaɗin shi zai riƙa tafiyar da filin shekara 30 yana maida kuɗinsa. Shi ne kuma ya gina otal ɗin Radisson Blu. Aka samu Noom da Bravia. Aka shimfiɗa babbar hanya daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari, aka jera fitilu. Indiya ta ɗauki nauyin cibiyar taro mai sunan Mahatma Gandhi, kodayake sai a Janairun 2020 aka yi bikin buɗe ta, wata shida bayan baƙi sun watse. Hukumar shirya taron ta ce jimillar abin da aka zuba ya kai miliyar 450 na sefa, kuma mafi yawansa kuɗin 'yan kasuwa ne, ba na baitulmali ba. Mun sha nanata wannan lissafi a labarai. Abin da ba mu cika yi wa masu saurare bayani ba shi ne, kuɗin ɗan kasuwa ba sadaka ba ce. Duk fasinjan da ya bi ta filin jirgin nan yana biyan wani abu daga cikinsa a kuɗin tikiti, kuma haka za a ci gaba har yaran da aka haifa a shekarar su yi aure.

Sharar gidan kuwa tun 2016 aka fara ta. Aka ba da sanarwa cewa duk rumfa ko shagon kwano da ke bakin manyan tituna ya tashi. Ana zuwa a shafa jan fenti a bango, bayan 'yan kwanaki sai katafila ta iso da jami'an tsaro. Masu shayi, masu gyaran waya, teloli, masu sayar da katin waya, masu tsire, masu faci. A dokance da yawansu a kan filin gwamnati suke, wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa shekara da shekaru ana zuwa ana karɓar haraji a hannunsu ana ba su rasit. Wasu daga cikinsu ma gobarar Ƙaramar Kasuwa ta 2012 ce ta watso su titi, ba su gama farfaɗowa ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikinsu. Shekara 14 yana da shagon kwano inda yake sayar da shinkafa, taliya, mai, sukari da sabulu. A gidansa na zauna lokacin da nake karatun aikin jarida, daga wannan shago aka biya mini kuɗin makaranta na shekarar ƙarshe. Ranar da aka rushe layinsu an aike ni ɗauko rahoto, ban san har da nasa ba sai da na isa. Na same shi tsugune yana miƙe kwanon rufi da dutse. Na rasa abin faɗi, sai na ce, “Kawu, sannu. Allah Ya mayar da alheri.” Ya ɗago ya dubi na'urar da ke hannuna ya ce, “Amin. Kai dai yi aikinka, ɗana. Amma kar ka sa muryata, ina da iyali a garin nan.” Ban sa ba. Na ɗauki muryoyin wasu mutum uku, aka ba rahoton minti ɗaya da rabi a labaran yamma.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Taron da ake wannan shara dominsa, taron ciniki ne. A Kigali, ranar 21 ga Maris 2018, ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka, wadda a nan muke kira Zlecaf. Shugaba Issoufou ne takwarorinsa suka ɗora wa jagorancin tafiyar. Manufarta a cire haraji sannu a hankali kan kashi 90 cikin ɗari na kayayyakin da ƙasashen Afirka ke sayar wa juna. Ta fara aiki a takarda ranar 30 ga Mayu 2019, kuma a Yamai za a kaɗa mata ƙararrawa. Asali ma, gyare-gyaren da aka yi wa Tarayyar sun mayar da zaman tsakiyar shekara ƙaramin zama na daidaita aiki da ƙungiyoyin yankuna. Taron musamman kan Zlecaf shi ya tara shugabanni, ya sa otal-otal ɗin suka cika.

Akwai kuma fargaba. Cikin watan Yuni 'yan bindiga sun kai hari kan shingen 'yan sanda a mashigar gari ta hanyar Wallam. Ranar 1 ga Yuli, saura kwana uku a fara zaman ministoci, aka kai hari barikin Inates kusa da iyakar Mali, sojoji 18 suka rasu. Aka baza dubban jami'an tsaro. A kwanakin taron tsakiyar Yamai ta zama kamar wani gari dabam: tituna fes, babu faba-faba, babu mai tura baro, sai jiniya. Ni da ke da katin shiga a wuya sai da aka tsayar da ni sau biyar tsakanin gidan rediyo da zauren taro. Abokan aikina da ke zaune a ƙetaren kogi wasu a ofis suka kwana.

Ranar Lahadi 7 ga Yuli aka yi babban zama, shugabanni sama da 30, Abdel Fattah al-Sisi na Masar yana shugabancin Tarayyar. Abin da kowa ke jira shi ne Najeriya. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi zuwa Kigali a 2018, bayan masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun nuna tsoron kada a mayar da ƙasarsu juji na kayan waje. A Yamai ya ɗauki alƙalami ya sa hannu, Patrice Talon na Benin ma ya sa, zaure ya ɗauki tafi. Ƙasashe 54 cikin 55 ke nan, saura Eritiriya. Aka zaɓi Akara ta Gana ta zama mazaunin sakatariya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a ranar. Na faɗa a iska, da bakina, cewa ɗan kasuwar Maraɗi da na Katsina sun kusa daina sanin akwai iyaka tsakaninsu. Har yanzu akwai masu saurare da ke tuna mini wannan magana idan mun haɗu a wurin biki.

Kwana 44 bayan haka, ranar 20 ga Agusta 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Dalilin da ta bayar shi ne fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da ke shiga, da man fetur mai tallafi da ke fita. Kuma ba ƙarya ta yi ba, duk ɗan Maraɗi ya san shinkafar da ake saukewa a tashar Kwatano ta ratso Gaya ta iso manyan ɗakunan ajiya na garinmu ba mu kaɗai ke cinye ta ba. Amma rufewar ba ta tantance ba. Ta haɗa da mai wake, mai aya, mai albasa, mai tattasai, mai raguna. Manyan motoci suka yi layi a Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Gaya, kayan gwari suka ruɓe a ciki. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka fara buɗewa, wata 16 ke nan.

Kawu kuwa, bayan rusau ya sayar da abin da ya rage ya koma Maraɗi, ya shiga sayen wake da aya yana kaiwa kasuwar Jibiya, ya sayo kayan roba da atamfa. Ya fara miƙewa ke nan aka rufe. Na kira shi a waya in yi masa jaje karo na biyu. Ya yi dariya ya ce, “Ai na ji ka a rediyo ran nan kana cewa an cire iyaka. To ga ta nan an mayar, da kwaɗo.”

Gine-ginen sun yi amfani, wannan ba a musu. A Nuwamban 2020 ministocin harkokin waje na ƙungiyar ƙasashen Musulmi sun zauna a Yamai, a Nuwamban 2022 Tarayyar Afirka ta dawo da wani taron ƙoli kan masana'antu. Matasa da dama sun samu aiki a otal-otal, kuma duk wanda ya san tsohon filin jirgi ya san an huta. Daga nan sai 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a watan Agusta, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakoki suka sake rufewa, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa. A Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, a watan Maris kuma Nijar ta sanar da fita daga Farankofoni, ƙungiyar da aka raɗa wa suna a garin nan shekara 55 kafin nan.

Kwanan baya na bi ta layin da shagon Kawu yake. An yi daɓen siminti a gefen titi, an dasa itatuwa, wasu sun kama wasu sun bushe. A daidai inda ƙofarsa take wani yaro ya kafa tebur mai ƙafar ninkewa, yana sayar da katin waya da ruwan leda. Na tambaye shi me ya sa bai yi 'yar rumfa ba, ga rana. Ya ce teburin ya fi sauƙin ɗauka idan an zo.