Bikin Kiɗa na Hamada a Ƙasar Mali, 2001 zuwa 2012

Tun kafin zuwan Turawa, Abzinawan arewacin Mali suna da al'adar haɗuwa sau ɗaya a shekara bayan ɗaukewar damina, kamar yadda 'yan'uwansu na Nijar suke taruwa a Ingal. A irin wannan taro ne ake sasanta rigimar rijiya da ta makiyaya, a ƙulla aure, a yi tseren raƙuma, mata kuma su kafa turmin tande suna waƙa. Watau kiɗa ba shi ne dalilin taron ba, amma shi ne yake riƙe mutane a wuri guda har a gama abin da ya tara su.

Farin da aka yi a 1973 da kuma na 1984 su ne suka fara wargaza wannan tsari. Dabbobi suka ƙare, samari suka watsu zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci, kuma a can ne ƙungiyar mawaƙa ta Tinariwen ta samo asali, ana yawo da waƙoƙinta a kaset daga hannu zuwa hannu. A 1990 tawaye ya ɓarke. Abin da ya fi muni a wannan yaƙi ba fafatawar da aka yi da sojojin gwamnati ba ce, gabar da ta shiga tsakanin maƙwabta ce, musamman bayan kafa rundunar sa-kai ta Ganda Koy a 1994, lokacin da manoman Songai na bakin kogi da makiyayan Abzinawa, waɗanda suka daɗe suna musayar hatsi da gishiri, suka koma kallon juna da ido ɗaya. Ranar 27 ga Maris 1996 aka tara bindigogi kusan 3,000 a Tumbutu aka cinna musu wuta a gaban Shugaba Alpha Oumar Konaré. To, amma ƙona bindiga daban, mayar da amana daban.

Wannan giɓi ne Bikin Hamada ya yi ƙoƙarin cikewa. An fara shi a watan Janairun 2001 a Tin Essako ta jihar Kidal, Manny Ansar yana cikin jagororinsa. Aka yi na biyu a Tessalit, sa'an nan daga 2003 ya zauna a Essakane, wani wuri mai tuddan farin rairayi, tazarar kilomita 65 ko kusa da haka daga Tumbutu.

Nisan wurin nan shi ne babban sirrin bikin. Wanda ya je Essakane ba shi da masauki sai tanti, ba shi da hanyar komawa gida da dare, saboda haka kwana uku cur Ba'abzine da Bafillace da mutumin Bamako da baƙon Turai suna shan ruwa ɗaya, suna jin ɗari ɗaya, suna zagaye garwashi ɗaya ana dafa shayi. Daɗin daɗawa, dandalin kansa ya zama darasi. Ali Farka Touré, ɗan Niafunké, yana waƙa da Songai da Fulatanci da Tamashek. Oumou Sangaré ta zo daga kudu. Tinariwen, waɗanda wasu daga cikinsu sun riƙe bindiga a 1990, suka hau da gita. Jaridun waje sun fi ɗaukar zuwan Robert Plant na Ingila a 2003, amma ga tarihin Mali wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da ɗan kudu da ya zauna yana sauraron tsohon ɗan tawaye yana tafa masa.

Sai dai bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. Kuɗin da ke tafiyar da bikin yawancinsa daga baƙi da masu tallafi yake fitowa, kuma zumuncin kwana uku bai haƙa rijiya ko shimfiɗa hanya a Kidal ba. Da sace-sacen Turawa ya yawaita, dole aka dawo da taron bakin garin Tumbutu a 2010. A watan Nuwamban 2011 aka kashe wani Bajamushe aka sace mutum uku a cikin garin. Duk da haka aka yi bikin Janairun 2012, har mawaƙin nan Bono ya halarta. 'Yan kwanaki kaɗan bayan an watse, ranar 17 ga Janairu, sabon tawaye ya tashi. A watan Afrilu Tumbutu ta faɗa hannun mayaƙa, kafin ƙarshen shekarar kuma an hana kiɗa a garuruwan da suke riƙe da su.

Masu shirya bikin da mawaƙansa da yawa suka yi gudun hijira. Daga baya suka haɗa kai da bikin garin Segu na bakin Kwara da kuma bikin Taragalte na kudancin Maroko, suka riƙa yawo da kiɗan a matsayin ayarin neman zaman lafiya, har suna kai shi sansanonin 'yan gudun hijira a Burkina Faso. Bikin 2012 shi ne na ƙarshe da aka yi a yankin Tumbutu.