Yankunan da aka taƙaita wa motoci shiga: Abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya ɗauki hayar mota a ƙasar waje

Direban da ya taso daga Ɗambatta ko Bichi ya nufo birnin Kano ya san yadda dokar hanya take aiki a gida. Idan ya bi hannun da ba nasa ba, jami'in KAROTA zai tare shi nan take, a yi ta ja-in-ja, ya biya tara ko a yi masa afuwa. A manyan biranen Turai da na Larabawa, na'urar ɗaukar hoto ce ke wannan aikin. Tana ɗaukar lambar mota ba tare da ta tsayar da kowa ba, kuma sau da yawa mutum ba ya sanin ya yi laifi sai bayan ya dawo gida da makonni, ya ga kamfanin haya ya ciri kuɗi daga katinsa.

Batun ya shafi mutanen karkarar arewacin Kano fiye da yadda ake zato. Fataken riɗi da zoɓo na kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa, da masu zuwa Umara daga Makoɗa, Tsanyawa da Minjibir, da ɗaliban da ke karatu a waje, duk sukan kai ga ɗaukar hayar mota, ko su zauna a motar da ɗan'uwa ya hayo da sunansa.

Mene ne yankin da aka taƙaita wa motoci?

Wani ɓangare ne na gari da hukuma ta keɓe, ta hana wasu motoci shiga, ko ta ƙayyade lokacin shiga, ko ta sanya kuɗi a kan kowace motar da ta shiga. Dalilan ba su wuce huɗu ba: rage cunkoso, rage hayaƙi, kare tsofaffin unguwanni masu ƙananan lunguna, da kuma tsaro. Singafo ce ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a 1975, daga baya birane da yawa suka bi sahu.

Tsarin ba baƙo ba ne ga Bakano. A watan Janairun 2013 gwamnatin jihar ta haramta ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A watan Yulin 2022 aka hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Haka nan kowa ya san hana fitar ababen hawa da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli. Abin da ya bambanta na waje shi ne yadda ake kama mai laifi da kuma nauyin tarar.

Saudiyya

Wannan ƙasa ce da Hausawa ke yawan zuwa, kuma dokokinta na shiga Makka sun fi na ko'ina tsauri. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga birnin a kowane lokaci na shekara. A kan babbar hanyar Jidda zuwa Makka akwai alluna da ke raba hanya, da shingen bincike a Shumaisi.

Da lokacin Hajji ya gabato, shiga Makka kan koma sai da izini, har ga mazauna ƙasar. A Hajjin 2025 ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi ƙoƙarin yin Hajji ba izini, da wadda ta kai riyal 100,000 ga wanda ya ɗauko irin waɗannan mutane a motarsa, tare da neman kotu ta ƙwace motar. Saboda haka rage wa ɗan gari hanya zuwa Makka a wannan lokaci, komai kyawun niyya, yana iya jefa direba cikin babbar masifa. A kwanakin aikin Hajji kuma ba a barin ƙananan motoci su shiga Mina, Arfa da Muzdalifa sai masu izini na musamman.

A watan azumi, musamman goman ƙarshe, jami'ai kan karkatar da motocin masu Umara zuwa manyan wuraren ajiye motoci da ke bakin gari, daga nan a hau bas zuwa Harami. Wanda zai yi zirga-zirga tsakanin Makka, Jidda da Madina yana da zaɓin jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. A sauran titunan ƙasar, na'urorin Saher ne ke kama gudun wuce sa'a da keta jar danja, kuma tarar tana bin lambar mota har ta iso ga wanda ya hayo ta.

Dubai

Tun watan Yulin 2007 Dubai ke amfani da tsarin Salik, wanda ke cirar kuɗi kai-tsaye duk lokacin da mota ta wuce ta ƙarƙashin wata ƙofa a kan manyan tituna. Babu shinge, babu mai karɓar kuɗi. Daga ƙarshen Janairun 2025 kuɗin ya koma dirhami 6 a lokutan cunkoso, 4 a yawancin sauran lokuta. Kamfanin haya ne ke tara lissafin ya cire daga kuɗin ajiyar da aka ba shi, galibi da ɗan ƙari a kai. Layukan da aka keɓe wa bas da tasi kuwa, shigarsu da motar gida tara ce.

Italiya

A nan ne baƙi suka fi faɗawa tarko. Tsakiyar biranen Rum, Florence, Pisa da Bologna duk suna da yankin da ake kira ZTL, wanda sai mazauna unguwa, da tasi, da masu izini ke shiga a sa'o'in da aka ƙayyade. Alamarsa farin da'ira ne mai jan baki, a ƙarƙashinsa an rubuta lokutan da dokar ke aiki. A wasu mashigai akwai allon lantarki: idan ya nuna "varco attivo" ko jar fitila, hanya a rufe take, idan kuwa "varco non attivo" ne ana iya wucewa. Mai ɗan jin Turanci yakan ɗauki kalmar farko a matsayin izini, alhali akasin haka take nufi.

Tarar kan fara daga sama da yuro 80, wato a canjin yanzu ta haura naira 100,000, abin da ya fi kuɗin buhu biyu na takin zamani. Kowace shiga tara ce mai zaman kanta, don haka wanda ya ɓata ya yi ta zagaye yana neman otal zai iya tara uku ko huɗu a sa'a guda. Dokar ƙasar ta ba hukuma kwana 360 ta aika wa mazaunin ƙasar waje takardar tara. A Milan kuma akwai yankin Area C da aka fara a watan Janairun 2012, inda ake biyan kuɗin shiga na yini.

Landan da sauran biranen Turai

Ranar 17 ga Fabrairun 2003 aka fara karɓar kuɗin cunkoso a tsakiyar Landan, a kan fam 5. Ya kai fam 15 a 2020. Alamarsa farin harafin C a cikin jan da'ira. Akwai kuma yankin rage hayaƙi na ULEZ, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2019, aka faɗaɗa shi ya game dukkan birnin ranar 29 ga Agustan 2023, inda tsofaffin motoci ke biyan fam 12.50 a yini. Motocin haya galibi sababbi ne, ba su cika faɗawa wannan ba, amma kuɗin cunkoso yana kan direba, kuma ta intanet ake biya. Rashin biya kan jawo tarar fam 180, ko rabinta idan an biya cikin kwana 14. Hukumar sufurin birnin ba ta yafe wannan bashi: a alƙaluman da ta fitar a 2024, ofishin jakadancin Najeriya na cikin waɗanda take bi sama da fam miliyan 8. Direban Najeriya ya kuma tuna cewa a Birtaniya hannun hagu ake bi, tsarin da ƙasarsa ta bari tun 1972.

A Jamus, tun 2008 birane irin su Berlin ke buƙatar a manna wa gilashin mota takardar da ke nuna ƙarancin hayaƙinta. Motar da aka hayo a wata ƙasa aka tsallako da ita ba lallai ba ne tana da wannan takarda.

Yadda tarar ke iso wa mutum

Hukuma kan nemi mai lambar motar, wato kamfanin haya. Kamfanin ya miƙa mata suna da adireshin wanda ya sa hannu a yarjejeniya, sannan ya ciri ladan wannan aiki daga katin da aka ajiye. Mutane da yawa na zaton sun biya tara da zarar sun ga an cire wannan kuɗi, alhali ainihin tarar tana tafe. Wanda sunansa ke kan takarda shi ne abin tuhuma, ko da wani ne ya tuƙa, kuma ba wa wanda ba a rubuta sunansa ba sitiyari yana iya soke inshorar motar. Ga mutumin ƙauyen da wasiƙa ba ta cika isa ba, tarar na iya ninkawa bai sani ba.

Matakan kariya

Kafin karɓar makulli, a tambayi kamfanin a rubuce: waɗanne yankuna ne ake biyan kuɗi, wa zai biya, kuma nawa ne ladansu a kan kowace tara. A ba da adireshin imel da ake dubawa. A tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na Najeriya tun daga gida.

Kada a dogara da taswirar waya kaɗai, domin takan nuna hanya mafi kusa ko da ta ratsa wurin da aka hana. Kada kuma a bi bayan tasi ko bas, su suna da izini. Idan otal yana cikin yankin da aka taƙaita, a kira su tun kafin isa don su yi wa lambar motar rajista. Mafi sauƙi shi ne a ajiye mota a bakin gari a ƙarasa da bas ko jirgin ƙasa.

Idan takardar tara ta zo, a duba ranar da lokacin da ke cikinta a gwada da takardar haya, a biya ta shafin hukumar da ta aiko, domin ’yan damfara ma sukan aika saƙonnin tara na bogi. A adana rasit ɗin haya da na biya na aƙalla shekara guda bayan dawowa.