Haraji Da Jangali: Alkawarin Da Aka Cika A 1979

A wani zama da muka yi na ƙungiya, gardama ta kaure tsakanin matasa da dattawa a kan ko ya kamata a riƙe jam'iyya da alkawarin da ta ɗauka game da haraji lokacin yaƙin neman zaɓe. Matasan suka ce ɓata baki ne, ai ba a taɓa cikawa ba. To, an taɓa, kuma a nan Jihar Kaduna aka yi.

Wanda bai ga zamanin haraji ba, ba zai gane nauyin wannan alkawari ba. Tun dokar Gwamna Lugga ta 1906 Turawa suka tattara kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa suka mai da su haraji guda a kan kowane baligi namiji, ga kuma jangali a kan kowace saniya. Mai unguwa ya ƙidaya, dagaci ya tara, hakimi ya kai baitulmalin En'e. Da kaka ake karɓa, lokacin da hatsi ba shi da daraja, sai talaka ya sayar da abincin gidansa da araha, damina ta yi ya sayo da tsada. Wanda ya kasa, ya sha rana a ƙofar fada, ko ya bar gari da dare. Maƙwabtanmu Numana da Ninzo sun sha wannan wuya kamar yadda iyayenmu suka sha.

Amma fa ga mu 'yan kasuwa da muka zauna a Gwantu, takardar haraji tana da wata fuska. Ita ce takardar tafiya. A tasha a tambaye ka ita, a kotu a tambaye ka ita. Iyayenmu a ƙasan adaka suke ajiye ta tare da takardun gida, domin tana ɗauke da sunan mutum da garin da ya biya da shekarar da ya biya. Ko yau in aka ce yaushe kuka zo, gidan da bai zubar da waɗannan takardu ba yana da abin nunawa.

Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, 'yan sawaba ke kuka da zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji. Da siyasa ta dawo a 1978, Malam Aminu Kano ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, jam'iyyar ta ce in ta ci za ta soke haraji da jangali. Ta ci gwamna a Kano da Kaduna, wadda a lokacin har da Katsina a cikinta. Aka rantsar da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ranar 1 ga Oktoba 1979, kuma ba su ɓata lokaci ba suka ba da sanarwar sokewa. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta yadda manya suka kewaye rediyo suna tambayar juna ko kunnensu ya ji daidai ba.

Abin da ba a faɗa a kan dandali ba shi ne da me za a maye gurbin kuɗin. Haraji shi ne babban abin da ƙananan hukumomi ke tarawa da hannunsu, mu kuma a lokacin muna ƙarƙashin Jama'a, ba a ba mu Sanga ba tukuna. An dogara da kason man fetur daga Legas. Gwamna kuma bai samu sukuni ba, don majalisar dokoki mai kujera 99 kusan kashi biyu cikin uku 'yan NPN ne. Suka yi ta ƙin amincewa da mutanen da ya kawo a naɗa kwamishinoni, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, Allah Ya jiƙansa. PRP kanta ta rabe, ga 'yan santsi ga 'yan taɓo. Sai farashin mai ya faɗi, a 1982 Shugaba Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu, albashin malaman firamare ya fara makara.

To, ƙaramar hukuma in ta rasa kuɗi ina za ta nufa? Kasuwa. Kuɗin rumfa, kuɗin tebur, kuɗin kara, kuɗin mahauta, kuɗin lodi a tasha. Harajin da ya fita ta ƙofar gida sai ya shigo ta ƙofar shago, kuma kowa ya san su wa suka fi yawa a shago. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, gwamnonin soja suka dawo da harajin kai a jihohin Arewa da dama, wani wuri da sunansa na da, wani wuri da sunan kuɗin raya ƙasa. Soja bai yi wa kowa alkawari ba, balle a ce ya saɓa. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta jera abin da kowace gwamnati za ta karɓa, ta sa harajin shanu a cikin kason ƙananan hukumomi. Dokar haraji ta Jihar Kaduna ta 2020 kuma ta ɗora naira 1,000 a shekara a kan kowane baligi.

Ra'ayinmu shi ne a riƙe su. A Islamiyya an karantar da mu cewa saɓa alkawari na cikin alamomin munafiki, kuma malam bai ce ban da ɗan siyasa ba. Sai dai kotu ba ta ɗaure mutum don ya saɓa abin da ya faɗa a kan dandali, ƙuri'a ce kaɗai bulalar. A Amurka, George Bush babba ya yi alkawari a 1988 cewa ba zai ƙara haraji ba, ya ƙara a 1990, jama'a suka kayar da shi a 1992. Ya kawo uzurin giɓin kasafi, kuma giɓin gaskiya ne, amma ai tun kafin ya buɗe baki giɓin yana nan.

Mu namu kuskuren na 1979 daban ne. Gwamna ya cika nasa, ba mu da ta cewa a kansa. Iyayenmu ne suka yi murna ba su tambayi wa zai biya malamin makaranta da mai maganin dispensare ba, daga baya amsar ta same su a rumfa. Saboda haka muke roƙon shugabannin ƙungiya, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu a zaɓen 2027, na shugaban ƙasa ne wakilinsa ko na majalisar jiha, in ya ce zai rage kuɗin kasuwa, a ba shi takarda da biro. Ya rubuta wanne zai soke, nawa ne, daga ina zai cike gurbin, ya sa hannu da kwanan wata. Magatakarda ya ajiye kwafi, a ba sarkin kasuwa ɗaya, a kai wa maƙwabtanmu ɗaya, tunda rasit ɗaya ake yanka mana da su.