Murhun gas mai yawan mutuwa: yadda ake gano matsalar da gyaranta

Daga Agege zuwa Sabo ta Ibadan har Fatakwal, gidajenmu da yawa sun ajiye risho da gawayi sun koma gas, haka ma masu shayi da masu sayar da abinci. Ƙorafin da aka fi ji shi ne murhu ya riƙa mutuwa ana tsakiyar girki. Galibi ba sai an sayi sabo ba. Yanayin yadda wutar ke mutuwa shi ke nuna inda cutar take.

Kafin a taɓa komai

A ƙananan murhunan da aka fi saya a kasuwa, in wuta ta mutu gas bai tsaya ba, yana ci gaba da fita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya ya taru a lungun kicin. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. Da zarar wuta ta mutu a rufe makunni, a rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga. Kar a ƙyasta ashana, kar a taɓa makunnin lantarki ko na fanka, sai warin ya fice sarai.

In tana mutuwa da an saki makunni

Wannan na faruwa a murhunan da ke da na'urar tsaro. Duba gefen kan murhun, za ka ga ɗan ƙarfe mai tsini. Masu gyara na ce masa tamokopul. In wuta ta gasa shi, yana samar da 'yar ƙaramar lantarki da ke riƙe ƙofar gas a buɗe, in ya huce ƙofar ta rufe. Shi ya sa ake danne makunni kamar daƙiƙa 10 bayan wuta ta kama. In an danne ɗin amma duk da haka tana mutuwa, to ko maiƙo ne ya rufe ƙarfen, ko ya karkace wuta ba ta lasarsa. A bari ya huce, a goge shi da busasshen soso. In hakan bai yi ba, canza shi za a yi, ba murhun gaba ɗaya ba.

In tana fat-fat, ko ta zama ja

Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a tsaye. Ja ko rawaya mai baƙanta gindin tukunya alama ce ta toshewa ko ƙarancin iska. Miyar da ta tafaso ta zube, da tsatsar da damshin kudu ke kawowa, su ke cike ƙananan ramukan kan murhu. Gizo-gizo da kyankyasai ma kan shiga bututun da gas ke haɗuwa da iska. A cire kan, a wanke da ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshin haƙori, a shanya ya bushe ƙarau, a mayar ya zauna daidai mazauninsa. Ɗan ramin tagullar da gas ke fesowa kuwa, kar a caka masa allura. Tagulla na da taushi, in ramin ya faɗaɗa wutar ta lalace ke nan. Jar wuta a rufaffen ɗaki tana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, ba abin da za a ce bari sai gobe ba ne.

In ta fara da ƙarfi sai ta yi ta raguwa

A fara zargin tukunyar. Ana buga nauyinta ba gas a jikin marikinta, kusa da haruffan TW. Ɗora ta a sikeli ka cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. In akwai gas amma jikinta na gumi da sanyi, murhun ne ya fi ƙarfinta. Ana yawan ganin haka wurin masu abinci da ke haɗa babban murhu da 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6. Maganinsa babbar tukunya, kamar mai kilo 12.5. Kwantar da ita ko kusantar da ita ga wuta ganganci ne.

In duka kawunan suka mutu tare

Nan matsalar tana regileta ko tiyo. Wasu regiletocin na da tsaron da ke datse gas in ya fito da ƙarfi lokaci ɗaya. A rufe komai, a cire regileta, a jira minti ɗaya, a mayar, a buɗe a hankali. A duba ko tiyon ya lanƙwashe, ko ɓera ya ci shi, ko 'yar robar bakin tukunya ta tsufa. Don gano yoyo a shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, inda ta yi ƙwai-ƙwai nan ne. Tiyon da ya tsage ba a ɗaure shi da roba ko salatif, sabo ake sawa, kuma na gas, ba na ruwa ba.

Inda ake tsayawa

Regileta ba a buɗe cikinta, canza ta ake yi. In yoyon daga bakin tukunyar ne ko jikinta, a fitar da ita fili nesa da wuta, a kira masu gas. Hukumar SON ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, don haka mai sayen ta hannu ya duba shekarar da aka buga a jikinta. A Legas, lambobin gaggawa su ne 767 da 112.